Agogon tsohuwar fijo: ɗan ramin da ya nemi ya karya kuɗin mota

 Duk wanda ya taɓa zama gaba kusa da direba a cikin tsohuwar Peugeot 504, wadda muke kira fijo ko sank-san-kat, ya san cewa a yawancinsu akwai da'ira uku a tablo, wato allon da ke bayan sitiyari. Ɗaya maleji ce mai nuna gudu, ɗaya tana nuna mai da zafin inji, ta ukun kuwa agogo ne. A motar gwaggona, wadda take sayar da atamfa a Maraɗi, wurin agogon nan rami ne kawai, an liƙe shi da kwalin sukari da salatif. Shekara da shekaru yake haka, ba wanda ya damu, sai ranar da ramin ya nemi ya ci mata kuɗi.

Motar gadon mijinta ce, Allah ya jiƙan sa. Ya saye ta hannun wani Bature daga cikin waɗanda suke ratso Sahara a shekarun 1970 da 1980. Manya sun san zamanin: samarin Faransa da Jamus da Baljiyam su sayi tsohuwar 404 ko 504 a can, su biyo ta Aljeriya, su wuce Tamanrasat, su shigo ta Asamaka da Arlit, su sayar a Agadas ko Tawa ko Yamai, su hau jirgi su koma gida da ribarsu. Ta kawu ƙirar farkon shekarun 1970 ce, ta Faransa, kuma da yake mutum ne mai tattali, bai taɓa sa ta haya ba. Bayan rasuwarsa motar ta daɗe a zaure ƙarƙashin tamfol, sai a tashe ta ranar sallah ko in za a kai amarya.

Wata rana sai ga wani dillali daga Yamai, ya ce yana da mai saye wanda ba ya son komai sai tsoffin motoci. Ya zagaya motar, ya leƙa ƙarƙashinta, ya ga babu tsatsa, ya saurari inji, ya yaba, ya faɗi kuɗi mai kauri. Da ya shiga ya zauna, idonsa ya faɗa kan kwalin sukarin nan, sai murya ta canza. Ya ce ai motar ba cikakkiya ba ce, mai sayen nasa yana ƙirga komai har marfin abin zuba tokar taba, don haka sai an rage. Abin da ya nemi ya zaftare ya kai kuɗin turmin atamfar Holan da dama. Gwaggo ta dube shi ta ce ya je, za ta yi shawara. Da ya fita ta kira ni, ta ce ɗan nan, ita ba ta yarda a karya mata kaya saboda abin da bai kai murfin kwalla ba, in je in nemo agogon ko yana ina.

Na ɗauka aikin yini ɗaya ne. Ya ci mana wata biyar.

Me ya sa ake wannan tsanani

Kada mu yi wa dillalin rashin adalci, maganarsa tana da tushe ko da ya ƙara mata gishiri. Mu nan mun saba kallon fijo a matsayin jakin ɗaukar kaya. An fito da 504 a birnin Paris a 1968, aka zaɓe ta motar shekara a Turai a 1969, aka ƙera sama da miliyan 3. Mai kujera uku-uku da muke kira familiyal ta fito a 1971, ita ce ta yi ta jigilar mu tsakanin Maraɗi da Ƙonni da Damagaram, mutum tara a ciki, buhuna da kaji a sama. Kamfanin PAN na Kaduna ya fara haɗa motocin Peugeot a 1975, kuma bai daina 504 ba sai tsakiyar shekarun 2000, alhali a Faransa an tsayar da mai ƙofa huɗu tun 1983. Shi ya sa ba mu ɗauke ta wani abin ajiya ba, ta yi mana yawa a ido.

A Turai labarin dabam ne. Gishirin da suke zubawa a kan hanya lokacin ƙanƙara ya cinye musu yawancin nasu, sauran kuma mu suka sayar wa. Yanzu wadda ta rage da lafiyarta ta zama abin nema. A Faransa motar da ta kai shekara 30 tana iya samun takarda ta musamman ta motar tarihi. Suna da kasuwar baje kolin tsoffin motoci, Rétromobile, da ake ci a Paris tun 1976, kamfanin Peugeot kuma yana da gidan tarihinsa a garin Sochaux tun 1988. Mutanen da ke wannan harka ba gudu suke saye ba, ba kuma ƙarfin ɗaukar kaya ba. Abin da suke biya shi ne mota ta kasance yadda ta fito daga masana'anta. Inji ana iya sabunta shi, fenti ana iya sakewa, amma ƙananan kayan ciki irin su agogo, da maɓallai, da hannun ƙofa, an daina yin su, kuma su ne farkon abin da ke ɓacewa. Ko nan gida yanzu akwai ƴaƴan ƴan kasuwa da suka fara gyara motocin iyayensu don tunawa, su ma irin wannan ido gare su.

Inda muka bi

Na fara da garejin da ke gyaran motar tun kawu yana da rai. Tsohon makanikin ya yi dariya, ya ce Malam, ai shi da hannunsa ya cire agogon, domin ya tsaya, kuma direban wancan lokaci yana zargin shi ke shanye batir. Ina yake yanzu? Ya tafi cikin tarkacen da yara masu sayen ƙarfe suka auna a kilo. Wannan amsa na yi ta jin ta har ta gundure ni. Tablo ba ƙarfe ne mai nauyi ba, saboda haka in an yanka mota ba wanda ke kula da shi. Sai a jefar da shi a rana, gilashi ya fashe, ruwan damina ya shiga, yara su ciro allurai su yi wasa.

Daga nan na bi masu sayar da kayan tsoffin motoci na cikin gari, na aika Damagaram, na yi tafiyar sama da kilomita 600 zuwa Yamai na kwana biyu ina zagaya Katako da wuraren da ake yanka motoci. Na sa wani abokin cinikin gwaggo mai zuwa Kano ta Ɗan Isa da Jibiya ya duba mini Kofar Ruwa, wani kuma ya leƙa Fanteka a Kaduna. Abin da na koya a yawon nan shi ne, kada ka ce kana neman agogo. Ka ce kana neman tablon 504 gaba ɗaya. Agogon yana ɗaure ne a cikin gidan maleji, kuma mai kaya ba ya son ya ɓalle shi ya bar sauran ba mai saye. In ka nuna agogon kaɗai kake so, ya gane kana da matsuwa, kuɗin ya tashi. Na biyu, ka tafi da hoton tablonka a waya, da awon faɗin ramin, domin 504 ba iri ɗaya ba ce. Ta shekarun farko dabam, ta baya dabam, mai araha dabam, ta Kaduna ma ta sha canje-canje. Zanen lambobi da launin allura da wurin kusoshi duk suna iya saɓawa, ko da ramin ya zo daidai.

Agogo na farko da aka kawo mana ya zo cikin leda, yana sheƙi, an rubuta Jaeger a fuskarsa. Mai kawowa ya rantse daga jikin motar wani tsohon kwamanda aka ciro shi, ya ce jika 25 ba ragi. Ni har na fara lissafin kuɗin. Gwaggo ta karɓa, ta sa tabarau, ta juya shi ta baya kamar yadda take juya turmi, ta ɗaga shi ta auna a tafin hannu, ta mayar masa. Ta ce ɗana, ba ta san agogo ba amma ta san sabon abu da aka yi wa shigar tsoho. Fuskar takarda ce aka buga aka manna, gefenta ma ya fara ɗagowa. Bayansa roba ce fara sol, ba tabo ko ɗaya, kuma da muka buɗe sai ga injin agogon bango na kasuwa mai cin ƙaramin batir ɗaya.

Mata masu atamfa ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a nan. Mai sayen Holan ba ta tsayawa kan zane, domin zane kowa na iya kwaikwaya. Bakin turmi take dubawa inda aka buga sunan Vlisco da lambar zanen, ta juya ciki ta ga ko rinin ya ratsa, ta murza ta ji jikinsa. Agogon mota ma a baya gaskiyarsa take. Na asali gidansa yana da nauyi, akwai sunan maƙeri da lambobi da aka buga a jiki, da alamar 12 V, kuma tsufansa ya kan zo ɗaya: in fuska ta dushe, bayan ma ya dushe. Wanda fuskarsa ta fi ta maleji haske nesa ba kusa ba, sai a yi masa tambaya.

Iri uku ne, kuma kowanne da ciwonsa

Sunayen da za ka tarar a tablon motocin Faransa na wancan zamani su ne Jaeger da Veglia. Jaeger sunan wani maƙerin agogo ne na Paris, Edmond Jaeger, wanda ya haɗa hannu da gidan LeCoultre na Suwizalan, suka yi ta ƙera maleji da agogo na motoci da jiragen sama tun zamanin yaƙin duniya na farko. Veglia na gidan Borletti ne a birnin Milan na Italiya. Motocin Jamus irin su marsandi da Volkswagen sun fi ɗaukar VDO da Kienzle, na Ingila kuwa irin su Land Rover sai Smiths. In ka ga sunan da bai dace da ƙasar motar ba, ba lalle jabu ba ne, amma akwai alamar wani ya taɓa musanya shi.

Abin da ya fi suna muhimmanci shi ne abin da ke ciki. Na farko shi ne mai ɗaure kansa. Agogo ne sak irin na hannu na dā mai zare, sai dai maimakon mutum ya ɗaure shi, akwai wani ɗan nadin waya da ke fizgar zaren duk bayan ƴan mintoci. In motar ta yi shiru za ka ji ƙas, sai can kuma ka sake jin ƙas. Ciwonsa batir mai rauni ne. In wuta ba ta isa ta fizgi zaren ba, bakunan da ke haɗa wutar sai su manne, nadin ya yi ta zafi har ya ƙone. Shi ya sa masu Kienzle suka sa wata ƴar darma mai saurin narkewa a ciki, ta yanke kafin wuta ta yi ɓarna. Sau da yawa irin wannan agogo da aka ce ya mutu, darmar ce kawai ta saki. Amma in mai gyara ya mayar da ita da darmar rediyo ta yau da kullum, wadda ba ta narkewa da wuri, to ya cire wa agogon mai gadinsa ke nan.

Na biyu shi ne mai taransisto. Yana da ƴar ƙafa mai lilo da siririn gashin ƙarfe kamar na hannu, amma wuta ce ke tura ta ta hanyar maganaɗisu, taransisto yana buɗewa yana rufewa. Dabarar ta fito ne daga kamfanin Léon Hatot na Faransa mai tambarin ATO a shekarun 1950, shi ya sa a jikin wasu za ka ga an buga harufan nan uku. Yana tafiya da ƙara ƴar siririya, cak-cak-cak, ba tsayawa. Irin wannan ne ya dace da motar gwaggo. Ciwonsa ƙura da busasshen mai, mu kuwa Allah ya hore mana ƙurar hunturu. Yana kuma da abokin gaba guda, wato a juya masa waya, kamar yadda za ku ji nan gaba.

Na uku shi ne kwaz, mai ɗan dutsen da wuta ke girgizawa. Kamfanin Seiko na Japan ne ya fara sayar da agogon hannu na kwaz a 1969, kafin shekarun 1970 su ƙare kuma ya mamaye motoci. Ya fi sauran kiyaye lokaci, ba gardama. Ciwonsa zafi ne. Akwai wasu ƙananan kwandansa a ciki masu ruwa-ruwa, su kan bushe da shekaru, kuma motar da ta yini a rana a watan Afrilu ko Mayu, lokacin da zafin Maraɗi da Tawa ke wuce 40, tablonta ya kan yi zafin da hannu ba ya iya taɓawa. Gyaransa ba wuya, mai gyaran rediyo ya canza kwandansa da kuɗi kaɗan, ya tashi.

To ga inda jarrabawa take. Na kwaz na 504 ta baya ya fi sauƙin samu, kuma wani lokaci ya kan shiga ramin ta farko. In motarka ta aiki ce, kana son sanin lokacin sallah da lokacin rufe iyaka, sa shi ka huta, ni ban ga laifi ba. Amma in maganar ciniki ce da masu ƙirga kusoshi, kalmar nan ta kwaz da aka rubuta a fuskar agogon motar da ta girme shi tana tona asiri daga nesa. Kuma a faɗa wa mai saye gaskiya, domin wanda ya gano ƙarya a agogo zai fara shakkar maleji da inji.

Wasu sun ba ni shawarar intanet. Gaskiya ne a eBay da Leboncoin ana tallar irin waɗannan kaya, kuma mai ɗan'uwa a Faransa zai iya sa a karɓa masa a ba matafiyi. Sai dai a yi lissafi tukuna. Yuro ɗaya sefa 655,957 ne a rubuce, wato kusan 656, saboda haka abin da aka sa wa yuro 50 ya kusa jika 33, ban da kuɗin aikowa da na duwan. Kada a tura ko dala sai an ga bidiyon agogon a haɗe da batir yana tafiya, an ga bayansa da lambobinsa. Kalmar da masu talla ke fakewa da ita ita ce ba a gwada ba. A kasuwa mun san ma'anar wannan.

Yadda muka kashe na biyu da hannunmu

A ƙarshe abin bai zo daga Turai ba. Wani direban tasha da ya ji labari ya gaya mana akwai wata 504 da ta shekara fiye da goma a kwance bayan wani gida a wani ƙauye a kan hanyar Tasawa, awaki na kwana a cikinta. Jikinta ya gama, amma rufin bai huje ba kuma tana ƙarƙashin bedi, saboda haka rana ba ta ci tablon ba. Muka saye shi gaba ɗaya, mai gidan yana mamakin wautarmu. Agogon Jaeger ne, zanen lambobinsa ɗaya da na malejinmu, an rubuta taransisto a fuska. Gwaggo ta juya shi, ta auna, ta ce wannan kam ya sha duniya.

Murna ta sa na yi gaggawa. Na tsaya wani gareji a hanya na ce a gwada mini. Maigidan ba ya nan, sai wani yaro ɗan koyo ya jawo waya biyu daga batirin wata babbar mota, bai duba wace ce mai jini wace ce mas ba, ya dangwala. Ba ƙara, ba hayaƙi, sai ɗan wari kamar na roba. Shi ke nan. Ban ga laifin yaron ba kamar nawa, ni na miƙa masa. Taransisto ba ya yafe juyin waya ko na ƙiftawar ido, balle in wutar ta babbar mota ce da aka haɗa batir biyu ta zama 24.

Tunda mun zo nan, masu wasu tsoffin motoci su lura. Ba kowace ce mai 12 ba. Volkswagen ƴar kunkuru ta kafin 1967 yawanci 6 ce, haka tsoffin Renault 4 da Citroën 2CV na farko. Tsoffin motocin Ingila kuwa, har da Land Rover na kafin wajen 1967, kan batir mai alamar ƙari ne ake ɗaurewa a jikin mota, saɓanin abin da muka saba. Agogon da aka yi wa irin wannan tsari in ka sa shi a motar da aka juya mata batir, ka kashe shi. Fijo 404 da 504 duka 12 ne, mas a jikin mota.

Wanda ya cece mu wani dattijo ne mai gyaran agogo a bakin kasuwa, irin masu ƙaramin teburin gilashi da madubi a ido ɗaya, waɗanda waya ta kusa kashe wa sana'a. Ya buɗe bakin ƙarfen da ya riƙe gilashin a hankali, kaɗan-kaɗan yana zagayawa, domin lanƙwasa shi aka yi, in ka ɓanɓare da ƙarfi ba ya komawa. Ya ce ƙafar lilon da gashinta lafiya lau, nadin ma bai ƙone ba, taransiston ne ya tafi. Ya kira maƙwabcinsa mai gyaran rediyo, suka nemo wanda ya yi daidai daga cikin wata tsohuwar rediyo. Sa'an nan ya wanke injin, ya ɗiga man agogo da bakin allura a inda sanduna ke juyawa kawai, bai sa a haƙoran ba. Ya ce Alhaji, mai a haƙori gayyatar ƙura ce. Ya ja mini kunne kan abin da ya saba gani: masu fesa maganin tsatsa, masu ɗiga baƙin mai, har da mai man gyaɗa. Fuskar kuwa bai yarda ko ruwa ya taɓa ta ba, buroshi mai laushi kawai ya bi da shi, domin fetur ko tina suna ɗauke lambobin nan take.

Ya riƙe shi mako guda a kan teburinsa a haɗe da batir, tsaye yadda zai zauna a mota, yana gwada shi da lokacin rediyo. A bayansa akwai ɗan abin juyawa da harufa biyu, A da R, wato gaba da baya a Faransanci. Kwanan farko yana rage minti huɗu. Kullum da safe ya taɓa shi kaɗan wajen A, ya bar shi sai gobe. Ya ce wanda ya juya da yawa sau ɗaya zai kwana yana bin sa gaba da baya. A yi wannan aiki kafin a ɗaura, domin in ya shiga tablo hannu ba ya kai wa.

Ranar ɗaurawa

Wannan karon na kai motar wurin mai lantarkin mota na gaske, na kuma tsaya a kansa. Abu na farko, ya kwance kan batir na mas ya ajiye gefe, ya cire zobensa da agogon hannunsa. Bayan tablo wuri ne matsattse mai cike da wayoyi masu wuta ko da an zare makulli, kuma rigar wayar da ta shekara 50 tana fashewa kamar busasshiyar fata. Ya kwance igiyar maleji daga baya, ya jawo gidan a hankali. Robar ta tsufa, in ka matsa mata sai ta karye, kuma ita ma ba a sayar da sabuwa. Kafin ya zare kowace waya sai da ya ɗauki hoto. Wani abin da ya taimaka shi ne Peugeot ba ta dogara da launi kaɗai ba, lamba take bugawa a wayoyinta, in ka goge datti za ka gani.

Agogo waya uku yake so. Ɗaya mai wuta dare da rana, ɗaya mas, ɗaya ta ɗan ƙwan da ke haska fuskarsa in an kunna fitila. Mutumin ya mayar da batir na ɗan lokaci, ya ɗauko ƙwan gwaji, ya bi wayoyin da tsohon makaniki ya naɗe da salatif. Wadda ta kama da makulli a aljihu, ita ce ta agogo. Wadda ba ta kama sai an kunna fitila, ta ƙwai ce. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauko wuta daga wayar kontak, sai agogo ya riƙa tsayawa duk lokacin da aka kashe mota, mai ita ya ce an sayar masa da matacce.

Kuskuren da ya fi wannan muni shi ne a jawo waya kai tsaye daga batir ba tare da fizibil ba, abin da mutanen Kano ke kira fis. Agogo ba ya cin wutar kirki, amma wayar da ta goge a jikin ƙarfe ba ruwanta da abin da ke ƙarshenta, za ta yi ja ta kama soso da roba, kuma da dare ne, mota a zaure, mutane na barci. Da muka buɗe akwatin fizibil na motar gwaggo, biyu daga ciki takardar azurfa ta kwalin taba aka naɗa musu. Shekara nawa muna ɗaukar amare a haka, Allah kaɗai ya tsare. Muka canza su duka, wannan ma kaɗai ya biya wahalar wata biyar.

Ya ɗaure agogon da kusoshinsa na asali da muka zo da su daga ƙauye, ya goge wurin mas har ƙarfe ya fito fari, ya mayar da komai, ya ɗaura batir. Shiru. Gabana ya faɗi. Sai ya danna ɗan maɓallin saita lokaci ya saki, domin wasu masu ƙafar lilo sai an ɗan zungure su suke tashi bayan an yanke musu wuta. Muka rufe ƙofofi, muka kasa kunne. Cak-cak-cak.

Game da zargin shan batir da ya sa aka cire na farko, mai lantarkin ya auna ya nuna mini, abin da agogon ke ja bai kai na ƙaramin ƙwai ɗaya ba. Amma motar da za ta yi wata biyu ba a tashe ta ba, gara a cire kan batir, a sake saita lokaci ranar fita. Saitin ma ba wahala, tunda mu ba ma canza lokaci rani da damina kamar Turawa. Nijar da Najeriya da Benin lokacinsu ɗaya, sai mai zuwa Lome ko Wagadugu ko Akara ne zai tuna can suna bayanmu da awa guda.

Masu yankan motoci da masu auna ƙarfe, ga abin da na gani da idona a yawon nan: tablon 404 da 504 a jibge cikin rana, ana taka su. Wanda ya ciro su da kusoshinsu da wayoyinsu, ya naɗe a tsumma, ya rubuta irin motar da suka fito, ya ajiye a inuwa, yana da kayan da ba a auna su a kilo. Ni da na sha yawo da na tarar da mutum ɗaya mai irin wannan ajiya, da na biya shi ba tare da dogon ciniki ba.

Dillalin ya dawo bayan sallah. Ya shiga, ya zauna, ya sa kunne, ya ciro waya ya haska fuskar agogon, ya ce ya koma kan kuɗinsa na farko. Gwaggo ta ce ai wancan kuɗin na mota mai rami ne, yanzu sai sabon ciniki. Sun yi zama biyu ba su daidaita ba, motar tana nan a zaure. Agogon yana rage kamar minti biyu a mako, ita ce ke gyara shi da kanta ranar Juma'a in ta dawo daga kasuwa, ta zauna a kujerar direba da ƴar rediyonta tana jiran a faɗi ƙarfe.